Gilashin da Ba Ya Zuƙowa

"Wa ya ɗauki wanga hoto?"

Tasi'u bai zauna ba. Ko takalmi bai cire ba. Tabarmar da Bahijja ta shimfiɗa masa a zauren mahaifinta tana nan yadda ta bar ta, ruwan randa a kofi yana jiransa a gefe. Waya kawai ya miƙo mata, yana riƙe da ita da yatsu biyu.

Fuskar namiji ce ta cika wayar. Matashi baƙi mai siririn saje, yana dariya har haƙoran gefe sun fito. Idanunsa tar, kana iya ƙirga gashin girarsa. Bayansa babu komai sai launuka da suka narke, rawaya da ɗan kore.

"Ni ta," ta ce.

"Na sani."

"To mi kaka tambaya?"

"So nike in ji ko za ki musa."

Ta gyara hijabinta. Zafin bazara ya cika zauren.

"Kamilu na, ɗan Inna Kaltume ta Mandera. Uwarshi tas sa ni..."

"Ina kinka tsaya, Bahijja?"

"Na ce maka Mandera."

"Ban tambayi gari ba. Ƙafarki. Ina kinka aje ta sadda kinka danna?"

Sai a lokacin ta gane inda ya dosa.

"Gilashin da ke kan kyamararki ni na sayo shi," ya ce a hankali. Tasi'u ba ya ɗaga murya in ransa ya ɓaci, ƙasa take yi. "Ba shi zuƙowa. Na yi aiki da irinshi, na san halinshi. Kafin fuska ta cika hoto haka, sai mai ɗauka ya matsa har ya ji numfashin mutum."

"Ba haka ba ne."

"Tun da nike zuwa zauren ga, kina wancan bakin tabarma, ina wanga. Ban taɓa ƙetare tsakiya ba. Shi kuwa..."

"Uwarshi na wurin. Matarshi na wurin."

Ya juyo da wayar ya ƙara duba ta, kamar wanda ke ba maganarta dama ta ƙarshe.

"Ban gan su ba."



"Wa ya ba ka hoton?"

Ya kau da kai.

"Tasi'u... wa ya ba ka?"

Ya mayar da wayar aljihu.

"Baffannina da za su zo sa rana ran Juma'a, na ce su dakata."

Ya fita. Ta ji ya tayar da babur, ta ji ƙarar tana raguwa ta hanyar Dingyaɗi, garin su Tasi'u, har ta ɓace.

*

Duk matar da ta yi suna ko ta aurar da ɗiya a Boɗinga ta san Bahijja mai hoto. Kyamarar ta yayanta Sani ce, ya bar mata da ya samu aiki a birni. Mahaifinta Malam Ummaru, mai makarantar allo a ƙofar gida, ya daɗe kafin ya yarda. Da ya yarda kuma sharaɗi ɗaya ya kafa: mata da jarirai. Ban da maza.

Farkon aikin wahala ta sha. Ɗakunan mata duhu gare su, taga ɗaya ƙarama, ita ma da labule. In ta kunna filasha tsofaffi su rufe idon jariri da zane su kore ta. In ta kashe, hoto ya fito kamar an ɗauka a cikin rijiya.

Tasi'u ne ya raba ta da wannan. Ya taɓa riƙe wa wani mai hoto jaka a Sakkwato, kafin rasuwar mahaifinsa ta dawo da shi gonar albasa. Ranar da wasu samarin ke kai turare da atamfa, shi wani ɗan guntun gilashi ya kawo, a naɗe cikin sabuwar hula.

"Masu hoto na ce mashi fifti," ya ce mata ranar. "Idonshi babba na, hasken taga ya ishe shi. Aibunshi guda, ba shi jawo nesa kusa. Kina son kusa, ki taka. Kina son nesa, ki ja baya."

Daga nan hotunanta suka canza. Amarya a ɗaki mai duhu, zanen lallenta fes, jeren kwanukan bayanta sun narke sun zama ɗigon haske. Mata suka fara kiranta har Shagari, har Kajiji.

Yau kuma gilashin nan ne ya tsaya shaida a kanta.

Innarta ta leƙo zauren, ta ga kofin cike.

"Bai sha ruwa ba?"

"Sauri shikai."

"Na ji saurin daga madafa." Ta ɗauki kofin. "Malam ya san da wanga hoto?"

Bahijja ta girgiza kai.

"To ki yi addu'a."

Ta shiga ɗaki ta zauna bakin gado, kyamarar a cinyarta. Mutum biyu ta ba hoton. Ta wanke babba guda a Shagari ta kai wa Inna Kaltume, ta tura ɗaya a wayar Khadija matar Kamilu. To wa ya ɗauko shi daga Mandera ya kai Dingyaɗi?

Suna ɗaya ne ya zo mata.

Juwairiyya.

Ɗiyar gwaggon Tasi'u, mai tallar hijabai gida-gida, wadda babu matar da ba ta da lambarta. Ita mahaifiyar Tasi'u ta so masa tun farko. Bahijja kuwa, a bakin tsohuwar, sunanta "mai yawon gidajen biki".

Amma ba wannan ne ya hana ta cin tuwo ba. In Juwairiyya ce ta tura, to akwai hanya tsakanin wayarta da tasa. Tun yaushe?

Ta tuna ranar da ta je Kajiji ba shiri, da yamma ya ce mata, "Ya hanyar Kajiji?" kafin ta buɗe baki.

Ta tuna ranar da ya ce, "Ki daina hawa kabu-kabun Idi, gudu gare shi." Ba ta taɓa faɗa masa wa ke ɗaukarta ba.

A lokacin daɗi ta ji. Ta ce kulawa ce.

*

Washegari da hantsi ta hau mota zuwa Shagari, daga nan ta hau kabu-kabu. So take ta ji daga bakin Khadija.

Ba ta kai ga sallama ba ta tsaya cak. Jan babur ne a jingine gindin darbejiya, ƙofar gidan Inna Kaltume, da igiyar ɗaure buhu a naɗe bayansa. Ko a mafarki ta san babur ɗin.

A zaure ta same su. Tsohuwar tana zaune kan turmin da aka kifa, idanunta sun yi fari da yana. Tasi'u yana durƙushe gabanta. Da ya ga Bahijja, fuskarsa ta yi kamar an watsa mata toka.

"Wa ag ga nan?" in ji tsohuwar.

"Ni ta, Inna. Bahijja."

"Ɗiyata mai hoto. Zo ki ga baƙon da nis samu. Wai mai sayen albasa na, Kamilu shika nema." Ta yi dariya, bakinta ba haƙori. "Tun da nike ban taɓa ganin mai sayen albasa da bai tambayi albasa ba. Shi dai ina anka ɗauki hoto, wa da wa ke wurin, ƙofa buɗe take ko ruhe. Naki na?"

Bahijja ta dube shi.

"Jiya dai nawa na."

"To a shigo da shi. Khadija, sa hijabi, ga alƙali ya zo duba wuri."

Suka shiga tsakar gida. Inna Kaltume ta lalubo hoton daga cikin wani zane, babba, an manna shi a kwali. Ta kawo shi dab da hancinta, fuskarta ta saki.

"Yaro, ɗana guda na. Ya bi motocin albasa Fatakwal, sai bayan damina in Allah ya kai mu. Idona ya tahi. Hoton bikinshi na nan, taron mutane, in na duba sai in ga kamar tsaki an zuba. Nic ce ma wagga ɗiya, ina son huskatai ita ɗai, babba, kar a sa min komi baya shi rikita ni. Tac ce babanta ya hana ta maza. Nir riƙe mata hijabi nai ta kuka hat ta yarda." Ta shafa kwalin. "Wanga ina ganinshi. Da sahe in gaishe shi."

Tasi'u ya ciro wayarsa. Muryarsa ta ragu.

"Wagga rawaya da ke bayanshi..."

Khadija ta sa dariya a bakin ɗaki, ta kama gefen hijabinta ta ɗaga. Rawaya ne.

"Ni ce nan, Malam. Ni nike tsokanarshi daga baya shi ya sa yay yi dariya. Koren kuwa ƙanwarshi ta da goyo. Da hoton ya fito har faɗa na yi, na ce an shahe ni."

"Ni kuwa ga ni tsakanin mai hoto da Kamilu zaune, ƙafafuna miƙe," in ji tsohuwar. "Ko ni ba a gani."

Bahijja ta zare kyamarar daga wuyanta ta miƙa masa.

"Riƙe. Cika shi da fuskar Inna, kamar wancan."

"Bahijja, ba sai..."

"Riƙe."

Ya karɓa. Ya taka har gaban tsohuwar, inda ya tabbata Bahijja ta tsaya, ya ɗora ido.

Ido ɗaya ya gani, da rabin hanci.

"Kai, ja can, ka tare min iska."

Ya ja baya. Goshi ya shigo, haɓa ba ta shigo ba. Ya ƙara ja. Ya ƙara. Dunduniyarsa ta bugi kwaryar dusa, kaji suka watse. Sai a nan fuskar ta zauna daidai, daga ɗankwali zuwa haɓa. Ya sauke kyamarar ya dubi ƙasar da ke tsakaninsa da tsohuwar. Za a shimfiɗa tabarma a wurin.

"Ɗazu kana hawa kaina, yanzu kana guduna," in ji Inna Kaltume. "Haka kaka zance?"

Tasi'u yana juya kyamarar a hannunsa.

"Kyamarar ogana babba ta," ya ce, kamar da kansa yake. "Gilashin na ɗaukar fili da faɗi a kanta, dole ka matsa. Wagga ƙarama ta, matsewa takai... Ban taɓa ɗora ido a taki ba."

"Ba ka taɓa ba," ta ce.

Ta yi wa mutanen gidan sallama. Ya biyo ta har gindin darbejiya, yana murmushi irin na wanda aka sauke wa buhu daga ka.

"Bahijjata... hasken idona. Shi ke nan. Yau zan koma wurin su Baffa, Juma'a na nan yadda take."

"Wa ya ba ka hoton?"

Murmushin ya tsaya.

"Ya wuce ai."

"Juwairiyya?"

"...A wayar Khadija tag gane shi."

"Kajiji fa? Kabu-kabun Idi fa?"

Ya kalli igiyar babur ɗinsa.

"Tun yaushe, Tasi'u?"

"Tun bayan Sallah."

"Ita taz zo maka da shi, ko kai kas sa ta?"



"Ce mata na yi... tunda tana shiga gidaje... in ta ga wani abu."

Iska mai zafi ta kaɗo ganyen darbejiya a tsakaninsu. Bahijja ba ta yi kuka ba. Ta karɓi kyamarar, ta danna ɗan maɓallin gefe, ta murɗa. Gilashin ya fita a tafin hannunta, da ɗuminsa.

"Jiya na ce maka uwarshi na nan, matarshi na nan. Ba ka yarda ba. Yau kyamara ta faɗa maka, ka yarda har da dariya."

"Bahijja, don Allah..."

"Tun kafin in yi laifi kas sa a jira maka shi."

Ta ɗora gilashin a kan kujerar babur ɗinsa, ta rufe bakin kyamarar da gefen hijabi don ƙura, ta nufi bakin hanya.

*

Ta koma wa tsohon gilashinta mai zuƙowa.

Ranar Laraba aka kira ta suna a unguwarsu. Ɗakin mai jego duhu, ga mata cike. Ta danna, ta duba, baƙi. Ta ƙara, jaririn ya motsa, ya fito kamar hayaƙi. Ta ja labule, wata tsohuwa ta mayar.

"Mai hoto, yau daga bakin ƙofa?"

Juwairiyya ce, zaune kan hannun kujera, jakar hijabai a gabanta, tana taunar cingam.

"Na ji an ce ke sai kin matsa kusa-kusa aikinki ke kyau."

Wasu 'yan mata suka ƙunshe dariya.

"Ke kuwa daga nesa naki ke kyau," in ji Bahijja, ba ta sauke kyamarar ba. "Har Mandera kina hangowa."

"Ido ai don gani anka yi shi, 'yar uwa. Yaya Tasi'u marainiyar zuciya gare shi, dole a tausaya mashi." Ta miƙe ta saɓa jakarta, ta zo dab da kunnen Bahijja. "Ki gaida Malam. Na ji surukarki da ba ta zama ba ta aika mashi saƙo da sahe."

Bahijja ta ƙarasa aikin. Ba ta san me ta ɗauka ba.

Kiran Malam ya zo washegari, bayan an tashi karatun safe. Allunan suna jingine a bangon zaure. Malam Ummaru yana kan buzunsa, waya a gabansa, fuskar Kamilu tana dariya a cikinta.

Tasi'u yana zaune daga gefe, kansa ƙasa, ya rame.

Shi ma da hannunsa? An kira shi ne, ko ya zo ya ga ƙarshenta?

Ta durƙusa.

"Bahijja, kin ɗauki namiji?"

"Na ɗauka, Baba."

"Mi nic ce miki?"

"Mata da jarirai."

"To?"

Tasi'u ya matso.

"Allah shi gafarta Malam, a ba ni izini."

"Ban kira ka ba, kai ka kawo kanka. Yi maganarka."

Ya faɗi komai. Yanar idon tsohuwa, hijabin rawaya, kwaryar dusar da ya taka. Bai tsaya nan ba. Ya faɗi ƙaryar sayen albasa. Ya faɗi abin da ya sa Juwairiyya yi tun bayan Sallah. Bai tsallake ko ɗaya ba.

"Hoton da ya iso gare ka, ta hannuna ya bi, Malam. Da ban buɗe ƙofar ba da bai fito ba. Jiya na faɗa wa Innata haka, gaban Gwaggo da ɗiyarta. Na ce duk wanda ya ƙara kawo min labarin Bahijja, ni da shi sai gaisuwa."

Malam ya ajiye tasbaha, ya dubi Bahijja.

"Ke," ya ce. "Tausayin tsohuwa ba laifi ba ne. Ɓoye min shi ne laifi. Da kin tambaye ni, da ni zan raka ki Mandera da ƙafata. Kyamara za ta kwana ɗakina har watan gobe."

"To, Baba."

"Kai kuwa, ɗiyar mutane kas sa wa ɗan leƙe tun ba ta shiga gidanka ba. In ta shiga, mi za ka sa mata?"

Tasi'u bai ɗago ba.

"Baffanninka su zo, ko kar su zo?"

"Ba ni ke da ta cewa ba yanzu, Allah shi gafarta Malam."

Malam ya miƙe, ya ɗauki butarsa.

"Zan yi alwalar walaha. Alwalata ba ta daɗewa."

Ya fita ƙofar gida, inda suke jin zubar ruwa.

Bahijja ta dubi Tasi'u sosai, karon farko tun Mandera.

"Wa ya ce ka zo?"

"Ba kowa."

"Ko dai wata dabara ta? Ka wanke kanka gaban Baba?"

"Kin ga alamar na wanku?"

Ba ta gani ba.

"In ka ƙara ganin wani hoto fa? In wani ya ce maka ya gan ni wuri kaza?"

Ta jira rantsuwa. Ta shirya ta ƙi yarda da ita.

"Zuciyata za ta yi zargi," ya ce. "Ba ni yi miki ƙarya, masoyiya. Haka nike tun ina yaro, ko ƙofa na rufe sai na koma na taɓa. Ban san ranar da zan warke ba. Abin da zan iya ɗauka shi ne, in ya taso, wurinki zan kawo shi. Ke ɗai. Abin da kinka ce kuma shi ke nan, ko cikina na ci da wuta."

Ta miƙa hannu.

"Ba ni wayarka."

Bai yi gardama ba. Ya buɗe ta, ya turo ta kan tabarma.

Ta ɗauka. Ga jerin saƙonni nan, taɓawa ɗaya. Mi suke cewa shi da Juwairiyya tun bayan Sallah? Labarinta kawai? Ba "ya gajiya", ba "kin ci abinci"? Da wane suna ya ajiye lambarta? Yatsanta ya tsaya a saman gilashin wayar. Wani abu yana cizon ta a ƙirji, yana cewa taɓa, taɓa ki huta.

Sai ta gane ciwon. Shi ne wanda ya kai shi Mandera.

Ashe haka yake da zafi.

Ta ɗago ido.

"Akwai wani abu tsakaninka da ita?"

"Babu. Ban taɓa sonta ba ko na yini ɗaya."

A waje zubar ruwan ta tsaya. Bahijja ta kifa wayar, ta tura masa ita yadda ya turo.

Malam ya shigo yana share gemu.

"To?"

Ta ja hijabi ta rufe fuska.

"Su zo, Baba."

*

Bayan damina aka ɗaura. Mahaifiyar Tasi'u ta karɓi amarya da fuska ba yabo ba fallasa, amma da hannunta ta kawo mata furar farko. Juwairiyya ta aiko cewa tana zazzaɓi. Inna Kaltume ta zo a bayan babur ɗin Kamilu, ta ce ita ta haɗa auren, a ba ta cinyar rago.

Abu ɗaya ne aka rasa a bikin: hoton amarya. Mai shiga ɗakin mata da kyamara ita ce a lulluɓe. Ƙawayenta sun karɓa sun yi ta dannawa, aka samu hoton labule fes, da na kunnen wata gwaggo.

Da hantsin kwana na uku a Dingyaɗi, baƙi sun ragu, tana zaune bakin gado kusa da taga tana duba ɓarnar da suka yi. Gilashin Tasi'u ya koma mazauninsa tun ranar da Malam ya mayar mata da kyamarar. Tasi'u ya shigo daga rumbun albasa, ya wanke hannu, ya tsaya yana kallonta.

"Mi?"

"Kawo. Amaryar Boɗinga ba ta zama ba hoto."

Ta miƙa masa. Ya ja baya har bakin ƙofa, ya ɗora ido, ya danna. Ya duba, ya girgiza kai. Ya tako. Ya ƙara dannawa.

"Ya yi?"

"Da saura."

Ya ƙara takowa. Lallen hannunta, kwallin idonta, ɗan tabon da ke gefen girarta wanda bai taɓa sanin da shi ba. Ya durƙusa gabanta. Ya ƙara matsowa.

Gilashin ya yi ɗan kuka, ya shiga, ya fito, ya ƙara shiga. Ya danna, kyamarar ta ƙi.

"Ta lalace?"

"Ba ta lalace ba," ta ce, dariya na cin ta. "Ka matso da yawa, angona. Ƙasa da kamu ɗaya ba shi gani. Sai ka ja baya."

Ya dubi kyamarar. Ya dube ta.

Ya ajiye ta a kan matashi, bai ja baya ba.